Yadda Ake Auna Karɓuwar Kundin Waƙa: Darasi Daga Faifan Laura Pausini Na 2004

Matasanmu na Jidda da Makka da Riyad sun fara sharhi kan waƙoƙin ƙasashen waje a YouTube da TikTok da Facebook, da Hausa, wani sa'in a sirka da Larabci. Tun da ƙasar nan ta Saudiyya ta buɗe ƙofa ga manyan mawaƙan duniya, har mawaƙin Italiya Andrea Bocelli ya zo AlUla a 2019, kunnuwa sun fara sabawa da muryoyin Italiya. Inda gizo ke saƙar shi ne wajen lambobi. Sai ka ji an ce kundi kaza ya karɓu a duniya, amma in ka tambaya a wace ƙasa, a wace shekara, wa kuma ya ƙirga, babu amsa. Lambar da ta rasa waɗannan abubuwa uku ba hujja ba ce, kuma wanda ya san harkar zai gane hakan tun a minti na farko. Ga yadda ake aikin daga tushe.

Za mu yi aiki da kundi guda, Resta in ascolto na Laura Pausini, wanda kamfanin Warner ya fitar a watan Oktoba na 2004. Mun zaɓe shi ne don ya haɗa duk ramukan da mai sharhi ke faɗawa: ya fito cikin harsuna biyu, ya riga zamanin sauraro ta intanet, kuma babbar kyautar da ya ci ba a ƙasarsa ya ci ta ba.

Fara da tabbatar da abin da ke hannunka

Laura Pausini 'yar Solarolo ce, wani ƙaramin gari kusa da Faenza a arewacin Italiya, an haife ta a 1974. Ta yi suna ne a 1993 da ta ci ajin sababbin mawaƙa a gasar Sanremo. Tun a shekarun farko ta ɗauki al'adar rera kundinta sau biyu, da Italiyanci da kuma Sifaniyanci. Shi ya sa wannan kundi yake da tagwaye: na Italiyanci shi ne Resta in ascolto, na Sifaniyanci kuma Escucha. Kiɗan ɗaya ne, hoton bango kusan ɗaya, amma kasuwarsu daban, lissafinsu daban. Kafin ka rubuta komai, buɗe takarda ka raba ta gida biyu, kowane da sunansa. Yawancin kuskuren da ake yi daga nan yake farawa, a ɗauki nasarar ɗaya a jingina wa ɗayan.

Sannan ka duba adadin waƙoƙi. Asalin kundin 11 ne. In ka ga wanda ya ɗara haka, to wani bugu ne da aka yi wa ƙari, ko kuma jerin da wani ya haɗa da hannunsa a manhaja ya laƙaba masa sunan kundin. A ƙasan jerin waƙoƙin akwai ƙaramin layi mai ɗauke da shekara da sunan kamfani. In babu wannan layi, ba kundin ba ne. Kada kuma ka rikita shi da faifan Live in Paris 05, wanda aka naɗa a gaban jama'a lokacin zagayen 2005. Waƙoƙin sun yi tarayya, amma naɗin dandali ba naɗin situdiyo ba ne.

Wanda ya samu faifan CD a hannun masu tsofaffin kaya, ko wani ya taho masa da shi daga Turai, ya juya shi ya kalli zoben tsakiya ta ɓangaren da ke walƙiya. Bugun masana'anta yana da ƙananan haruffa da aka sassaƙa a wurin, har da wata gajeriyar lamba da ta fara da IFPI. Bugun Italiya na wancan zamani kuma yana zuwa da ɗan tambarin SIAE, hukumar kare haƙƙin marubuta da mawaƙa ta Italiya, mai ƙyalli a manne a jikin gidan faifan. Kwafin da aka gasa a kwamfuta ba shi da wannan, bayansa yakan yi kore-kore ko shuɗi-shuɗi.

Sauraro kafin lissafi

Kada ka nemi lamba ko ɗaya sai ka saurari kundin sau uku. In ka fara sanin cewa ya ci kyauta, kunnenka zai bi kyautar.

Shirya kayan aiki tukuna. Lasifikar waya ba ta fitar da ƙasan kiɗa, gangar ƙafa da jitar bes duk ɓacewa suke, sai murya kawai ta rage tsirara. Nemi hedifon mai rufe kunne, ba sai mai tsada ba. Shiga saitin manhajarka, ko Spotify ce ko Anghami ko Apple Music, ka ɗaga ingancin sauti zuwa ƙarshe. A Spotify na masu biya, matakin da ake kira mafi girma a naɗin da aka matse shi ne kilobit 320 a daƙiƙa, wato kusan megabait 2.4 a minti. Kundin minti 45 zai ci maka kamar megabait 108, don haka sauke shi da wayifai ɗin gida. Kashe maɓallin da ke gauraya waƙoƙi, kashe wanda ke shigar da ƙarshen waƙa cikin farkon ta gaba, kashe duk wani gyaran sauti da ka taɓa sakawa. Akwai kuma saitin da ke daidaita ƙarfin sauti tsakanin waƙoƙi, shi ma a kashe shi a sauraro na uku. Wani abu da ya shafe mu nan musamman: gurnanin na'urar sanyaya ɗaki yana cinye ƙananan sautuka. Sanyaya ɗakin tun da wuri ka rage ta, ka zauna bayan sallar isha'i lokacin da gida ya lafa.

Sauraro na farko, daga waƙa ta 1 zuwa ta 11 ba tsayawa, ba rubutu. Abin da kake nema shi ne tafiyar kundin: ina ya hau, ina ya sauka, a ina hankalinka ya fara yawo.

Na biyu, washegari, da biro a hannu. Kowace waƙa ka ba ta layi huɗu: a daƙiƙa ta nawa murya ta shigo, a daƙiƙa ta nawa amshi na farko ya faɗo, wane kayan kiɗa ne ke jan ragama, sannan me muryar ta yi a amshin ƙarshe. Wannan na ƙarshe ka ba shi muhimmanci a waƙar Italiya, domin salonsu shi ne a fara a hankali kan fiyano ko jita, a riƙa ƙara kaya baiti bayan baiti, sai a saki murya gaba ɗaya a ƙarshe. Mawaƙiyar da ta ƙare ƙarfinta tun a amshi na farko ba ta da abin da za ta bayar a na uku. A wannan kundi za ka ji jitar lantarki ta fi fitowa fiye da yadda take a faya-fayanta na shekarun 1990, muryar ma ta fi kaushi da zafi a wasu wurare. Ka rubuta daidai mintin da ka ji hakan, don ka iya nuna wa mai kallonka.

Na uku shi ne na kwatanta tagwayen. Ɗauki waƙoƙi uku kawai, ka ji kowace da Italiyanci sannan nan take da Sifaniyanci. Lura da inda take numfashi da inda take jan wasali. Wani wurin fassarar takan tilasta mata cusa gaɓoɓi fiye da yadda karin ya ɗauka, wani wurin kuma ta Sifaniyancin ta fi zama daram. Ba sai ka iya harsunan ba kafin ka ji wannan.

Game da ma'ana, na'urar fassara za ta ba ka jigo, amma kada ka dogara da ita baiti-baiti. Fassara zuwa Larabci da kuma Turanci, ka aza su gefe da gefe. Inda suka saɓa, nan ne na'urar ta yi kame-kame. Ka kuma kula cewa Italiyanci sau da yawa ba ya nuna ko namiji ake yi wa magana ko mace, alhali Hausa dole ta zaɓa. Karanta waƙar gaba ɗaya kafin ka yanke.

Sai ka buɗe sunayen marubuta, wanda kowace manhaja ke nunawa a ƙarƙashin waƙa. A nan kundin yake da labari. Vivimi, Biagio Antonacci ne ya rubuta ta. Benedetta passione tana da hannun Vasco Rossi, babban mawaƙin rok na Italiya. Mi abbandono a te kuma asalinta daga Madonna da Rick Nowels ta fito. Waɗannan sunaye suna gaya maka cewa an shirya kundin da nufin jawo masu sauraro fiye da na da, kuma su ne abin da jaridu suka fi kamawa lokacin fitowarsa.

Lambobin, da inda suke yaudara

Ƙungiyar kamfanonin waƙa ta Italiya, FIMI, ita ke fitar da jadawalin ciniki na mako-mako, ita kuma ke ba da shaidar yawan ciniki ta zinare da filatinam da daimon. Resta in ascolto ya hau lamba 1 a jadawalinta. Wannan gaskiya ce, amma ita ce mafi raunin hujjojinka. Mawaƙin da ke da masoya na ga-ni-kashe-ni zai hau lamba 1 a makon farko ko da kundin bai yi daɗi ba, don sun saya ne kafin su ji. Abin da ke nuna karɓuwa shi ne mako na 4, na 8, na 20. Zana ɗan tebur: mako a hagu, matsayi a dama. Kundin da ya sauko a hankali, ko ya sake ɗagawa duk lokacin da aka saki sabuwar waƙa daga cikinsa a rediyo, shi ne wanda mutane ke gaya wa juna. Wanda ya faɗo daga 1 zuwa 30 cikin wata guda, masoya kawai suka saya. Ka kuma yi la'akari da lokaci: kundin da ya fito a ƙarshen Oktoba yana cin kasuwar Kirsimeti, lokacin da Turawa ke sayen faifai don kyauta, saboda haka ɗagawar watan Disamba ba duka ba ce ta daɗin waƙa. Jadawalin ƙarshen shekara ma yana da tarko. Kundin Oktoba makonni goma kacal yake samu a shekararsa, don haka duba na 2004 da na 2005 duka biyu.

Shaidar filatinam kuwa kamar mudu take, kowace kasuwa da nata, kuma ko a kasuwa ɗaya ana canja girmansa. A Italiya, a 2004, filatinam na kundi kwafi 100,000 ne. A 2005 aka mayar da shi 80,000, aka ci gaba da ragewa mataki-mataki saboda faɗuwar cinikin faifai, har ya tsaya a 50,000 daga 2014, zinare kuma 25,000. Yi lissafin da kanka: a ce kundi biyu kowanne ya samu filatinam sau huɗu, ɗaya a 2004 ɗaya a 2020. Na farko 400,000 ke nan, na biyu 200,000. Suna ɗaya, nauyi rabi. Duk lokacin da ka ga kalmar filatinam, nemi shekarar da aka bayar, ka ninka da ma'aunin wannan shekara, ka faɗi adadin kwafi a fili.

Akwai wani rami a shafin FIMI kansa. Rumbun shaidun da ke intanet daga 2009 ya fara ƙirga. Kundin 2004 da ka nema a can, in ma ya fito, abin da aka saya daga 2009 zuwa yau kawai za ka gani. Mai gaggawa sai ya ce ashe kundin bai sayu ba, alhali shekarun ganiyarsa biyar ba su cikin lissafin.

Amurka kuma tata daban. A wurin RIAA, ƙungiyar kamfanonin waƙa ta Amurka, zinare kwafi 500,000 ne, filatinam miliyan 1. Amma tana da wani tsari na musamman ga faya-fayan da akasarinsu Sifaniyanci ne, mai ma'auni ƙasa da haka nesa ba kusa ba: a yanzu 30,000 da 60,000, a da ya fi haka. Escucha a wannan layin yake. In ka karanta cewa kundin Sifaniyanci ya samu filatinam a Amurka ka ce wa mutane miliyan ya sayar, ka ninka gaskiya sau da yawa. Ka kuma tuna cewa a zamanin CD ƙasashe da dama suna ba da shaida ne kan abin da kamfani ya tura shaguna, ba abin da aka saya ba. Shi ya sa jimillar da kamfani ke faɗa ta duniya baki ɗaya, in za ka kawo ta, ka ce in ji kamfanin.

Kada ka tsallake ƙananan ƙasashe, amma ka san dalilin lambarsu. Mawaƙan Italiya suna yin kyau a Switzalan don Italiyanci na cikin harsunan ƙasar guda huɗu, ga yankin Ticino inda ake magana da shi, ga ɗimbin 'yan Italiya mazauna can. Nasara a Zurich ba ta kai nasara a Meziko ko Ajantina nauyin hujja ba, in maganar ƙetare harshe ake yi.

Yanzu sauraro ta intanet, inda matasa suka fi zamewa. YouTube a 2005 aka kafa shi. Spotify ya fara a 2008, bai shiga Italiya ba sai 2013, yankinmu kuwa sai 2018. Ke nan lambar da kake gani a gefen waƙar 2004 ba ta san komai ba game da lokacin da waƙar ke tashe. Abin da take nunawa shi ne ko waƙar ta rayu bayan shekara goma ko ashirin, kuma wannan ma'auni ne mai daraja in ka kira shi da sunansa. Kwatanta ta da waƙoƙin sa'o'inta na 2004, ba da na bana ba. Haɗa lambar Italiyanci da ta Sifaniyanci in kana son jimillar waƙa, don manhaja raba su take yi. Sannan ka duba rabon da ke tsakanin waƙoƙin kundin: in biyu sun kwashe kusan komai, sauran tara suna can ƙasa, to waƙoƙi biyu ne suka rayu, ba kundi ba. Spotify yana ƙirga sauraro ɗaya da zarar an kai daƙiƙa 30. RIAA kuma tana ɗaukar sauraro 1,500 a matsayin kwafin kundi ɗaya, don haka sauraro miliyan 15 kwafi 10,000 ne kacal. FIMI ta fara saka sauraron intanet a jadawalin kundi a 2017, da nata ma'aunin, wanda ta sha yi wa gyara. Daga wannan shekara lamba 1 ta daina nufin abin da take nufi a 2004.

Kyauta, masu sharhi, da dandali

Escucha ya ci Latin Grammy a watan Nuwamba na 2005 a ajin kundin pop na mawaƙiya mace, sannan ya ci Grammy a Fabrairun 2006 a ajin kundin pop na Latin, wato akasari na Sifaniyanci. Laura Pausini ita ce mawaƙiyar pop 'yar Italiya ta farko da ta ci Grammy. Abubuwa uku za ka kiyaye. Kyaututtukan biyu ne daban, daga hukumomi biyu. Na Sifaniyancin ne ya ci, ba na Italiyancin ba. Kuma 'yan sana'a ne ke kaɗa ƙuri'a, ba masu saye ba, don haka kyautar shaidar girmamawar abokan aiki ce, ba rasit ɗin ciniki ba. In wani ya yi mamakin yadda kundin 2004 ya ci kyauta a 2006, dalilin shi ne zangon da aka duba ya fara daga Oktoban 2004 zuwa Satumban 2005.

Karɓuwa ba ta fitowa sosai sai an aza kundi kusa da wanda ya gabace shi da wanda ya biyo. A 2002 ta fitar da From the Inside da Turanci don kasuwar Amurka. Wata waƙa daga ciki ta hau kan jadawalin waƙoƙin rawa na mujallar Billboard ta Amurka, amma kundin bai yi cinikin da aka sa rai ba. Komawarta harsunanta biyu a 2004 ita ta kawo mata abin da Turancin bai kawo ba, kuma a ganinmu wannan ne zuciyar labarin. Bayansa, Io canto na 2006 ya yi ciniki mai yawa a Italiya, a watan Yunin 2007 kuma ta cika filin wasan San Siro na Milan, mace ta farko da ta yi wasanta ita kaɗai a wurin. Tikitin filin wasa hujja ce mai wuyar ƙirƙira, don mutum ne ya biya kuɗi ya taka da ƙafarsa.

Sharhin 'yan jarida ka nemi aƙalla uku daga lokacin fitowar kundin, ka duba kwanan watan kowanne. Wanda aka rubuta bayan Grammy ya riga ya san ƙarshen labari. Ka bambance sharhi da sanarwar kamfani: in rubutu bai ambaci rauni ko ɗaya ba, kuma jimlolinsa sun yi daidai da na wasu shafuka biyar, talla ce. Kada ka ƙirƙiri zance ka sa a bakin ɗan jarida. In ba ka da kalmominsa a gabanka, faɗi ra'ayinka da sunanka.

Lokacin fitar da naka

Sauraron da ka yi a Jidda ba ya shiga jadawalin Italiya, kowace ƙasa nata take ƙirgawa. Yankinmu ya samu jadawalin IFPI, ƙungiyar kamfanonin waƙa ta duniya, na Gabas ta Tsakiya da Arewacin Afirka a Nuwamban 2022, daga baya aka ware wa Saudiyya nata, amma na waƙoƙi ɗai-ɗai ne guda 20, ba na kundi ba. Rashin ganin mawaƙin Italiya a ciki bai ce komai ba game da kundinsa. Haka nan in za ka gwada wannan hanya a kan kundin Hausa, ka sani rabin kayan aikin babu su: waƙarmu ta fi yawo ta WhatsApp da wurin masu tura waƙa a waya, inda ba a ƙirgawa. A nan sai ka ƙara nauyi kan YouTube da Audiomack, da kuma abin da ake sakawa a gidajen biki wata shida bayan fitowar kundin.

In bidiyo za ka yi, kada ka yarda da maganar cewa guntun waƙa ƙasa da daƙiƙa 30 ba laifi. Babu wannan ƙa'ida. Tsarin Content ID na YouTube yana kama gajeren yanki, kuma mai haƙƙin waƙar yana iya kwashe kuɗin tallar bidiyonka ko ya toshe shi a wasu ƙasashe. Hanya mafi sauƙi ita ce ka faɗi minti da daƙiƙa, ka sa mahaɗin waƙar ta asali a ƙasa, mai kallo ya je ya ji da kansa. Baitin da za ka fassara kada ya wuce layi ɗaya ko biyu. Kowace lamba da ta fito a allo ta zo da ƙasa, shekara, da hukumar da ta ƙirga, a layi guda, da haruffan da za a iya karantawa a waya. Lambobin manhaja kuma ka rubuta ranar da ka ɗauke su, ka ajiye hoton allon a wayarka, don kafin mako ya zagayo sun canja.